Taswirar Kawu Mai Layi Tara

Kawu, yayan mahaifiyata, ya rasu ranar Talata bayan la'asar, muka kai shi makwancinsa kafin magariba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida aka fara karɓar gaisuwa, sai na ga kowa da irin Kawun da ya sani. Tsofaffin abokan aikinsa na sakatariya sun tuno akawun da ke buga tafireta da yatsa goma ba ya kallon hannu. 'Yan kabu-kabu na bakin tashar Wurno suka zo a jere, wani cikinsu yana ta maimaita cewa hotunan matarsa marigayiya da sunka ɓace cikin memori, Malam ne ya dawo mishi da su. Limamin unguwa ya ce shekara talatin suna sahu ɗaya, bai taɓa jin shi ya ce ya san abin da bai sani ba. Wani maƙwabci kuma ya sunkuyo kusa da kunnena ya ce, "Allah ya jiƙan shi, amma dai akwai faɗa." Na ce masa wallahi akwai, ni na fi kowa shan sa.

A can gefen tabarma akwai wani dattijo makaho da ban sani ba. Ranar farko ya yi gaisuwa bai tashi ba. Rana ta biyu ya dawo wurin da ya zauna jiya, da 'yar rediyonsa a cinya, a kashe. Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara watsewa, ya ce a kira masa wanda ke zama ɗakin aikin marigayi. Taubashina, wato babban ɗan Kawu, ya nuna ni da baki ya ce, "Ga magajin ƙarafuna nan."

Na durƙusa gabansa. Ya laluba ya kama hannuna.

"Ɗana, ban zo tada ku cikin makoki ba. Amma akwai amanata ga hannun Malam. Mi ac ciki?"

A nan na ji labarin. Mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gandi, a ƙasar Rabah. Ɗansa ɗaya namiji, malamin firamare, 'yan bindiga suka tare su a hanyar dawowa daga kasuwa, bai dawo ba. Kwana kaɗan kafin haka ya ɗauki muryarsa a laftop yana karanta izu ɗaya na Alƙur'ani, da niyyar ya zuba wa uban a memori ya riƙa saurare a rediyo tunda ido ya tafi. Ba a kai ga zubawa ba. Da garin ya watse, an taho da laftop ɗin cikin buhun gero a bayan amalanke, ta sha jifa, faifan da ke cikinta ya fara ƙas-ƙas. Dattijon ya kawo wa Kawu, Kawu ya karɓa, ya ce masa ya ba shi lokaci. Wata biyu ke nan, sai ga ciwo, sai ga mutuwa.

"Ni ban son hoto, ban ganin shi," in ji dattijon. "Murya nika so. Ko sau guda."

Na ce masa ya ba ni kwana bakwai. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, domin na san wanda ya koya mini.

Kawu bai yi karatun kwamfuta a makaranta ba. Lokacin da aka kawo ta sakatariya aka jingine tafireta, abokansa suka tsorata, shi ko ya ce na'urar da mutum ya ƙera ba ta fi ƙarfin mutum ba. Bayan ya yi ritaya ya mai da shagon zaure ɗakin aiki, ya kafa sola biyu a rufi, ya tara tsofaffin kwamfutoci da mutane suka yar. Bai damu da gyaran allo ko madannai ba, wannan ya bar wa yaran kasuwa. Abin da ya ɗauke masa hankali shi ne inda abu yake kwance a cikin faifai. In ka ce masa, "Ai ga fayil ɗina nan a kan allo," sai ya harare ka ta saman tabarau.

"Sunanshi kag gani. Shi kanshi shina ina?"

Misali ɗaya yake bayarwa, kuma bai taɓa sake shi ba. Ya ce fayil kamar gonar gado yake. Sunan mai ita ɗaya, amma yanki na fadama, yanki na tudu, wani yankin can bayan gulbi. Faifai an yanka shi bulo-bulo, kowane da lambarsa, fayil kuma yana warwatse a kansu yanki-yanki. Tsarin da ke riƙe da sanin wane yanki na wa ne, shi Kawu ke kira mai unguwa. Akwai hanyar da ake tambayarsa. Tsohuwar hanya, bulo ɗaya tambaya ɗaya, har ka gaji. Sabuwar kuwa sai ka ce masa daga nan zuwa nan na wanga fayil, ina da ina yake, ya jero maka. Kowane layi na amsar yana faɗin inda yankin ya fara a cikin fayil, inda yake kwance a faifai, tsawonsa, sannan alamar halin da yake ciki.

Bayanin wannan hanya da Turanci ya zo cikin na'urar. Kawu ya zauna da ƙamus da littafi mai bangon kwali, ya shekara yana rubuta nasa da Hausa. Ba ya sa layi sai ya gwada da hannunsa ya gani. Akwai wata alama da bai taɓa cin karo da ita ba, ya bar mata rabin shafi fari, ya rubuta a sama: ban gani ba tukuna. Na ce masa, "Kawu, ai ga shi Bature ya faɗa, ka kwafa mana." Ya ce, "Shi ya gani. Ni in na rubuta, shaidar zur ta."

Inna, matarsa, ta sha yi masa tsiya kan littafin nan. Takan ce malaman garin nan sun bar littattafan fiƙihu, nata mijin zai bar littafin ƙarfe. Shi kuma ya ce mata duk abin da aka sani ba a rubuta ba, ranar da mai shi ya mutu an yi jana'iza biyu. Yana da wasu ɗabi'u da har yau in na tuna sai na yi murmushi. Ba ya taɓa faifan mutum da goro a baki. Ba ya barin a buɗe hoton da ba a ce masa a buɗe ba, in aiki ya tilasta sai ya kira mai abin ya tsaya a kansa. Kuma in faifai ya fara ƙas-ƙas, zai kashe shi nan take ya naɗe a tsumma, ya ce marar lafiya ba a tashe shi sai an shirya tambayar da za a yi masa.

Faɗanmu mafi girma a kan littafin nan aka yi shi. Wata 'yar maƙwabta da ke gama kwalejin koyon jinya ta kawo kwamfutarta a sauya mata faifai. A nan zaure ta zauna ta ƙarasa buga babin ƙarshe na aikinta na gamawa, ta adana, ta miƙo mini. Kawu ya tafi masallaci. Ni kuwa ina ji da kaina, na buɗe littafinsa, na tambayi mai unguwa, na kwashe yanki-yanki zuwa sabon faifai. Wani yanki ya zo da alamar an keɓe wuri amma ba a rubuta komai ba. Littafi ya ce irin wannan a tsallake shi, fanko ne. Na tsallake. Na goge tsohon faifai tas. Da muka buɗe aikin, babin ƙarshe babu ko harafi ɗaya.

Ashe abin da ta adana bai riga ya sauka kan faifai ba, yana rataye a ƙwaƙwalwar na'ura yana jiran lokacinsa. Mai unguwa bai yi ƙarya ba, abin da ke ƙasa ya faɗa. Ni na tambaye shi alhali kaya suna bisa jaki, ba a sauke ba.

Yarinyar ta fashe da kuka. Kawu ya dawo ya wanke ni tas a gaban mutane, ya ce hannuna ya fi kaina sauri, ya ce ko akuya aka ba ta littafin da ta yi abin da ya fi haka. Raina ya ɓaci. Ina da aure, ina da 'ya'ya, ana yi mini wannan a zaure. Na ɗauko littafin na aje gabansa.

"Kawu, nuna min inda kar rubuta a jira. Nuna min layin."

Ya buɗe, ya juya shafi, ya sake juyawa. Na sa takalmina na hau babur na koma Goronyo inda nake koyarwa, na yi wata huɗu ban taka zauren ba. Daga baya Inna ta gaya mini kwana biyu ya yi yana buga wa yarinyar babin daga rubutunta na hannu, bai bar ta ta taɓa madannai ba, har ya gyara mata kurakuran da malaminta bai gani ba.

Wata ranar kasuwa ina zaune ƙofar gida sai ga ɗan kabu-kabu ya sauke shi, da littafin a hammata. Na tashi na gaishe shi, muka yi gaisuwa kamar jiya muka rabu. Ya ƙi shiga ciki. Ya buɗe shafin ya miƙo mini. Da jan biro, a saman komai, ya rubuta: kafin ka tambayi mai unguwa, ka ce a sauke duk kayan da ke rataye tukuna, akwai umurnin haka a cikin tambayar kanta. A ƙasa ya rubuta yadda ya gwada sau biyar, da abin da ya gani kowane karo.

"Karanta ka gani ko daidai na."

Na karanta na ce daidai ne.

"To. Littahi ya yi laihi." Ya karɓi littafin ya rufe. "Kai ma ka yi gaggawa. Kawo min ruwa."

Iyakar haƙurin da ya ba ni ke nan, kuma wallahi ya ishe ni. Mutumin da ya haura saba'in ya biyo hanyar nan da kowa ya san halinta, don ya nuna wa ɗan ƙanwarsa layi ɗaya na jan biro. Ranar na ji kunya, na kuma ji ina ƙaunarsa fiye da kullum.

Kashegarin addu'ar bakwai, da hantsi, lokacin da sola ta cika batir, na buɗe ɗakin aikin. Taubashina ya biyo ni da mabuɗi, wai kada in sace gado. Shi ɗan kasuwar albasa ne, bai san komai a harkar ba sai surutu. Dattijon ma ya zo, jikarsa ta rako shi ta koma, muka zaunar da shi kan tabarma a bakin ƙofa. Faifan yana cikin aljihun tebur naɗe da tsumma, an ɗaura masa takarda da sunan ƙauyen. A shafin ƙarshe da Kawu ya taɓa rubutu na sami abin da nake fata. Ya riga ya tashi faifan sau ɗaya, ya tambayi mai unguwa, ya kwafe amsar da hannunsa: sunan fayil ɗin karatun, sannan layi tara na lambobi. A gefe ya rubuta: saura tashi ɗaya, in Allah ya so.

Na gane dabararsa. Da wannan taswira ta lambobi a hannu ba sai an bi faifai gaba ɗaya ana wahalar da shi ba. Kai tsaye za a je wuraren nan a kwaso, a bar sauran. Na shirya komai tun faifan yana kashe, na rubuta umurnin kwasar kowane yanki, na duba lambobin sau uku. Wajen dubawa ta uku ne na ga matsala. A littafin Kawu, shafi na huɗu, akwai doka da ya ja wa layi: yankin da ya rufe fayil yana zuwa da alamar ƙarshe, in ba ka gan ta ba, amsa ba ta ƙare ba, ka sake tambaya daga inda ka tsaya. Duk taswirar da ya taɓa kwafa, yakan rubuta kalmar ƘARSHE da manyan baƙaƙe a layin ƙasa. Wannan layi na tara babu komai a gefensa.

Na gaya wa taubashina. Fuskarsa ta canja, wasa ya kau.

"Mi kaka nuhi? Baba ya bar aiki rabi?"

"Ban ce ya bari ba. Na ce ba a kai ƙarshe ba."

"Kai, ji min mutum. Ko kwana goma bai yi ƙasa ba, ka hwara gyara mishi rubutu? Shekara nawa kaka ganin ya aje abu bai cika ba? Mantuwa ta, kalma guda ta."

"Kawu ba ya mance wagga kalma."

Na bar shi yana huci na jona kebul. Faifan ya juya, ya yi ƙas sau biyu, ya kama. Na saki umurnin farko. Yanki na ɗaya ya fito, na biyu, na uku. A na shida ya tsaya yana ƙas-ƙas, sannan ya wuce. Na tara ya fito lafiya. Taubashina ya ce alhamdulillahi da ƙarfi, ya kai hannu zai zare kebul, wai a bar abin ya huta kada ya ƙone.

Ban san lokacin da na buge hannunsa ba. Ya girme ni da shekara shida, ban taɓa yi masa haka ba.

"In ka zare, ba shi sake tashi. Bari!"

Ya tsaya yana kallona. Na buɗe faifan ta hanyar karatu kawai, yadda ba za a rubuta masa komai ba, na tambayi mai unguwa daga inda layi na tara ya ƙare. Allo ya yi tsit. Ƙarar ta ƙaru, yanzu har da wani siririn kuka. Daga bakin ƙofa dattijon ya ce, "Lahiya dai?" Can sai layi biyu suka faɗo, na goma da na sha ɗaya, kuma a gefen na sha ɗayan ga alamar nan. Na kwashi na goma. Na sha ɗaya ya ƙi, na sake, ya ƙi, a karo na uku ya fito. Ban kai ga sauke numfashi ba faifan ya yi wani ƙas mai ƙarfi ya tsaya cak. Na gwada shi daga baya sau da yawa, bai sake juyawa ba.

Inna ce ta warware mana dalilin da taswirar ba ta cika ba, tana tsaye bayan labule ashe tun ɗazu. Ta ce ranar da ciwon ya kama shi, da biro a hannunsa ta same shi, ya kashe na'urar da kansa kafin ya yarda a ɗaga shi. Taubashina ya zauna kan benci ya rufe fuska da hula. Da ya buɗe ya ce mini, "Shege, ka yi gado." Ban taɓa jin zagin da ya yi mini daɗi kamar wannan ba.

Na haɗa yanki sha ɗaya, na zuba a memori, na sa a rediyon dattijon, na ɗora yatsansa kan maɓallin. Murya ta fito, ta saurayi, a natse, da ɗan tari a farko. Dattijon bai yi kuka ba. Ya gyara zama ya tanƙwashe ƙafa kamar yana gaban malami, leɓensa na bin karatun. A wani wuri ma ya girgiza kai ya ce, "Nan kullum shika jan maddi ya yi yawa." Muka zauna har izu ya ƙare. Na duba lokaci a allo, na ga daidai nan ne abin da layi tara suka ɗauko ya tsaya. Karatu ya cika, da mun tsaya a nan babu wanda zai ce an rasa wani abu.

Sai aka ji motsin takarda, muryar ta dawo da Hausa.

"Baba, ga shi nan na cika maka. In ka ji kuskure ka gyara min in na dawo. Allah ya ba ka lahiya, ya sa ka gama da duniya lahiya, ya jiƙan innata, ya haɗa mu inda babu rabuwa."

Dattijon ya ɗaga hannu biyu sama, ya ce amin, ya sake cewa amin, sannan muryarsa ta karye. Mu duka uku da Inna bayan labule muka yi ta kuka, ba mai ba wani haƙuri. Da ya natsa ya laluba rediyon ya rungume ta a ƙirji.

"Ban san ya yi min magana ba," ya ce. "Wata bakwai, ban san ya yi min magana ba."

Ya Allah, ga bawanka, yayan mahaifiyata. Ya riƙe amanar mutane, ya rubuta abin da ya gani, ya yi shiru kan abin da bai gani ba. Ka yafe masa zafin bakinsa, ka yalwata masa kabari, ka sa aikin ranar nan a mizaninsa, domin nashi ne.